Kalangun Mahauta a Shekarar Yunwa

Tun da aka shigo da wannan yayi na tuna zamanin da, ban huta ba. Kowane mako sai wasu samari sun yi mini sallama da waya a hannu, wai suna tattara tarihin Zongo, in gaya musu yadda unguwannin Nima da Maamobi na nan Accra suke a zamaninmu. Abin da suke so su ji na san shi: wai da can komai zuma ne, goge a kowane lungu, ƙamshin tsire har bakin titi, kowa ɗan'uwan kowa. Nakan ba su abin da suka zo nema in sallame su, tunda baƙonka annabinka. Amma makon jiya ɗaya daga cikinsu ya zauna a tabarmata, ya sha kokona, sannan ya buɗe baki ya ce wai an gaya masa kiɗan mahauta ya mutu a Maamobi ne saboda makaɗin ƙarshe makwaɗaici ne. Wai ya nemi a ba shi cinyar sa guda aka hana shi, ya yi fushi, ya hana unguwa cin nama a shekarar yunwa. Yaron bai san a ɗakin matar makaɗin yake zaune ba. Ban kore shi ba, na dai karɓe kofina tun bai shanye ba. Ku ma 'ya'yana, na san kun ji wannan magana kuna yara, kun haɗiye ta, ba wanda ya taɓa tambayata. To ku gyara zama. Na yi alkawarin yin shiru muddin wasu mutum biyu suna numfashi, yanzu kuwa ƙasa ta rufe idon su biyun. Allah ya jiƙansu, har da wanda addu'ar take yi mini nauyi a baki.

Sunan babanku Garba, ko da yake bakina bai taɓa furta shi ba yana raye. Daga Damagaram ya sauko yana saurayi, ba shi da komai sai kalangun da ya gada wurin ubansa, rataye a kafaɗa cikin tsohon zane. Wanda ya karɓe shi a Accra shi ne Alhaji Bawa, Sarkin Fawan unguwarmu, wani ƙaton mutum mai murya kamar ana mirgina ganga. Shi ya ba shi ɗaki a gidansa na Maamobi, shi ya shige gaba wajen neman aurena, shi ya yanka ragon sunan yayanku. Ba zan ɓoye alherinsa ba don na zo faɗin sharrinsa. A ɗakin nan na haife ku, a ƙofar gidan nan na kafa tukunyar tuwo, har aka san ni da Asabe mai tuwo tun daga Maamobi zuwa tashar Tudu.

Yaran yanzu sun ɗauka kiɗan mahauta roƙo ne kawai, a wasa mutum ya miƙo tsoka. Akwai wannan, amma a Zongo aikin ya wuce nan. Mu baƙi ne a garin mutane, garin da ake sayar da kowane irin nama, wanda aka ambaci sunan Allah a kansa da wanda aka buge da gatari. Mace tana ɗaki ba ta ga yanka ba, ta yaya za ta san abin da za ta sa a tukunya? Kalangu ne shaida. Da an idar da sallar asuba babanku zai tafi mayanka, can bayan babban kwalbati, ya tsaya inda idonsa zai gani. Sai ya ga an fuskanci alƙibla, ya ga jini ya yi tsartuwa, ya ga ƙafar dabba ta harba, sannan zai matse kalangu a hammata ya shige gaban masu ɗauko nama, yana kiɗa har kasuwa. Kowane mahauci da takensa. Muna tsakar gida muna wanke-wanke za mu ji, mu san yau teburin wane ke da sa, teburin wane ke da rago. Zabarmawa da Kotokoli da Dagomba da Moshi da Yarbawa, duk wanda Hausarsa ta karkace, ta kalangu dai bai taɓa kuskure ta ba. Rabonsa kuwa kowane tebur zai jefa masa 'yar tsoka a kwando, wani ganda, wani ƙafa, wani tumbi. Wannan rabo da abin da nake saya a kai su ne ƙashin bayan miyata.

Ba zan musa wa samarin nan duka ba, an yi daɗi. Ranar kasuwa ta cika, ka ji kalangu a nan, can mai goge yana gwada tsarkiya don bikin yamma, iska kuma ta kwaso ƙahonin makaɗan hailaif daga wajen Adabraka ta haɗa su duka ta zuba mana a tukunya. Direbobin tirotiro, motocin haya, su jeru a bencina suna faɗa a kan wanda zai samu ƙashi mai ɓargo. In Sallah ta zo aka yi hawan ƙaho, babanku ya saki taken samarin mahauta, sai ka ga yaron da jiya yake tsoron kaza ya rungumi ƙahon bijimi. Ni kuwa in tsaya can baya ina yi kamar ba mijina ba ne, alhali kaina ya kusa taɓa rufin kwano.

Sai shekarar yunwa ta zo. Ruwa ya ɗauke, gobarar daji ta cinye gonaki, ga 'yan'uwa da aka koro daga Najeriya sun cika kowane ɗaki da jakunkuna da bakuna. Masara ta ɓace sai wata rawaya ta agaji, mai warin buhu, wadda in ka tuƙa ta tuwon ya fito kamar an yi masa rini. Mutane suna bin layin kenke, wato ƙullin masarar da ake naɗewa a ganye, tun yana ɗanye, su kai gida su dafa da kansu don kada wani ya riga su. Manyan mata masu jiki sai ga ƙashin wuya a fili. Shanu suka daina saukowa daga arewa, teburan mahauta suka bushe har ƙuda ya yi ƙaura. Babanku ya rataye kalangu a ƙusa, domin ba a yi wa tebur wofi kiɗa. Ni ma na koma miyar ayoyo, wato lalo, da daddawa, ba ko ƙashi, direbobi suka riƙa wuce ni suna kau da kai.

Ana cikin haka labari ya zagaya cewa motar Alhaji Bawa ta iso da sa. Ai ranar ko wadda ke jego sai da ta fito. Kafin rana ta ɗaga mun cika gaban teburinsa da kwanoni, ni ce a gaba kamar kullum, kusa da ni Iya Memuna mai wake da shinkafa, wata tsohuwar Bakotokola da ke kiran kowa da “kai”, mace ko namiji. Muna tsaye muna kasa kunne. Sai ga masu nama sun ɓullo daga lungu, ga babanku a gabansu, kalangu a hammata, sanda a hannu, amma ba sauti. Tafiya yake kamar mai rakiyar gawa. Na daɗe da mutumin nan, ban taɓa ganin ya shigo kasuwa gaban nama hannunsa a sake ba. Aka zube naman a tebur, aka fara sara, surutun mata ya riƙa raguwa har ya mutu. Alhaji Bawa ya ɗago kai.

“Garba, me kake jira? Saki take mana.”

“Ranka ya daɗe, fatar ta yi sanyi. Ta daɗe a rataye.”

“Ga wutar mai tsire can. Je ka gasa ta.”

“Sarki, yau ko an gasa ta ba za ta yi zafi ba.”

Bai ɗaga murya ba, idonsa a ƙasa. Alhaji ya yi wata dariya wadda ba ta wuce haƙora ba, ya juyo wurinmu ya ce ku ji mini makaɗi da sarauta, to nama dai ga shi, mai so ya matso. Ba wadda ta matsa, ba kuma wadda ta tafi. Ku tuna, an yi watanni ba wanda ya ga jan nama. Akwai matan da 'ya'yansu ke kwana da ruwan gari. Ina jin yadda ake haɗiyar yawu a bayana, ni ma nawa nake haɗiya. Iya Memuna ta taɓa ni da gwiwar hannu.

“Ei, Asabe, kai ne matan shi. In kai ya saya, mu ma mu saya. In kai bai saya ba, ni ba na taɓa shi kora, ko da yatsa.”

Alhaji ya ji ta, domin raɗar Iya Memuna ana jinta daga tsallaken titi. Sai ya ɗauki wuƙa ya zabtaro tsoka daga cinya, irin wadda ko a shekarar ƙoshi ban taɓa iya saye ba, ya ɗora mini a kwano har kwanon ya sunkuya.

“Ɗiyata, kai wa jikokina. Kyauta ce.”

Wallahi na ji nauyin naman nan. Na ga fuskokinku ɗaya bayan ɗaya, na ga bencina ya cika da direbobi. Na dubi babanku ko zai yi mini wata alama, bai ko kalle ni ba. Hannunsa kawai na gani, ya riƙe sandar kiɗa har jijiyoyi sun tashi. Ban san abin da ya gani a mayanka ba, amma na san ruwa ba ya tsami banza, na kuma san mutumin da nake aure. Na sa hannu biyu na ɗauki tsokar, na mayar da ita kan tebur a hankali, na ce Baba Alhaji na gode, Allah ya ƙara arziki. Na kife kwanona a ka na juya. Ban waiwaya ba, amma na ji takun silifa a bayana, na Iya Memuna da farko, sannan na sauran. Kafin azahar an loda naman a mota an yi cikin gari da shi, inda ba a tambayar kiɗa.

Da ya dawo gida na rufe ƙofa na tsaya a bakinta, na ce yau sai ka gaya mini abin da na mayar.

“San ya mutu a mota tun a hanya. Gawarsa aka sa wa wuƙa. Jinin bai yi tsartuwa ba, Asabe, tsiyaya ya yi, baƙi. Ƙafa ba ta motsa ba.”

“Mushe? Mushe zai ciyar da Zongo? Bari in fita in tara masa jama'a.”

“Ba inda za ki. Duk abin da ya mallaka ya zuba a san nan, tsoro ne ya kama shi. Mutumin da ya ba ni ɗaki, ya aura mini ke, ba da bakina za a tona shi ba. Na hana kalangu yin ƙarya, iyakata ke nan. Ki rantse mini ba za ki faɗa ba, muddin ni ko shi wani yana raye.”

Na rantse, ina huci. Da na san abin da zai biyo baya da na yi ta jan rantsuwar har ya gaji.

Mu muka rufa masa asiri, shi kuwa ya kwance mana zane a kasuwa. Kafin mako ya zagayo an ce mu kwashe kayanmu, wai ana bukatar ɗakin. Yaran Alhaji suka bi unguwa da labarin cinyar sa, cewa babanku ya nema aka hana shi, shi ya sa ya ɓata ciniki. Mai jin yunwa kuwa ba ya bincike, neman wanda zai zaga yake. Matan da suka bi ni ranar nan, da suka koma gida suka tarar da yara na kuka, rabinsu suka juya mana baya. Sai ka ji ana cewa ga matar mai hana cin nama. Muka samu wani ɗan akurki a Nima, dab da kwalbati, inda in aka yi ruwa sai mu ɗora ku a kan akwati. Babanku, mutumin da samari ke hawa ƙaho saboda hannunsa, ya koma dako a tashar Tudu, yana ɗaukar buhunan gawayi a kafaɗar da ta saba da kalangu. Mahauta kuwa suka sayi rediyo mai kaset suka ɗaure a jikin rumfa. Tun daga ranar kowane nama da kiɗansa, na kirki da na banza, domin kaset ba ya zuwa mayanka.

Abin da ya fi ci mini rai, in ya haɗu da Alhaji a hanya sai ya cire takalmi ya gaishe shi kamar da. In na yi magana ya ce haƙuri. Na ce masa haƙurin nan naka in da ana dafa shi da mun fi kowa ƙiba a Nima. Sai ya yi murmushi ya ɗauki butarsa. Sau da yawa maganar takan zo mini har maƙogwaro, musamman a bakin famfo in wata ta yi mini habaici, sai in cije leɓe in cika bokitina. Ni da aka sani da baki, na zama bebiya ƙarfi da yaji.

A wannan ɗaki ne ke Habiba kika kwanta. An yaye ki ba da daɗewa ba, ba abin da ke shiga cikinki sai kokon rawayar masara. Ƙafafunki suka kumbura, in na danna yatsa sai ramin ya zauna, gashinki ya yi ja ya fara zuba, kuka ma kin daina, sai kallo. Na goya ki zuwa asibitin unguwa, ma'aikaciyar ta duba ki ta ce ba magani kike bukata ba, nama ne da ƙwai da kifi. Na ce mata to, kamar a aljihuna suke. Na fara kwance zannuwan aurena ɗaya bayan ɗaya ina musanya su da busasshen kifi wurin matan bakin teku. Iya Memuna, Allah ya haskaka kabarinta, takan tako tun daga Maamobi da ƙwai ɗaya a ƙulle a bakin zane, ta ce ba don kai ba ne, don yaro ne. Duk da haka jikin ya ƙi tashi.

Da damina ta dawo shanu suka fara saukowa. Sai ga Tanko, ƙanin Alhaji Bawa, ya yi mana sallama wata la'asar. Ashe kaset bai riƙe musu mata ba. Tsofaffin unguwa sun ƙi sakin jiki da teburin, wasu har Tudu suke zuwa sayen nama wurin wanda suka sani. Tanko ya zauna a bakin ƙofa yana toshe hanci da warin kwalbati, ya dubi inda kike kwance, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

“Sarki ya ce ya yafe. Ɗakinku na nan, rabonka na nan, har da ƙari saboda yarinya. Abu ɗaya ne. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, ka zo rumfa gaban mahauta da jama'a, ka durƙusa ka ce kwaɗayi ne ya ja ka ranar nan, naman ba shi da aibi. Sai ka tashi ka saki takensa, magana ta wuce.”

Na buɗe baki zan ba shi amsar da zai kai wa yayansa a cikin hula, babanku ya ɗaga mini hannu. Sannan ya dubi Tanko.

“Ka ce wa Sarki zan zo.”

Tanko na fita na hau shi da faɗa, ban damu da maƙwabta ba. Na ce shiru daban, shaidar zur daban. Na ce ka hana kalangu ƙarya don ka yi ta da bakinka? Na ce in ka faɗi haka gaban jama'a, har jikokinka sai an kira su jikokin makwaɗaici, kuma duk taken da ka saki daga ranar ba wanda zai san na gaskiya ne ko na haya. Ya bar ni na zazzage duka, sannan ya ce:

“Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ki dubi ƙafar yarinyar nan, Asabe, sannan ki yi mini wa'azi.”

Na duba. Kwanakin da suka rage ba mu yi wata maganar kirki ba. Ina kallonsa ya sauko da kalangu, ya kakkaɓe shi, ya bi tsarkiyoyin da man shanu ɗaya bayan ɗaya, ya ja waɗanda suka saki. Ranar Juma'a da hantsi ya shanya shi a rana a bakin ƙofa don fatar ta ɗame, ya yi wanka, ya sa farar rigarsa guda da ta rage, ya ce in kula kada akuyar maƙwabta ta taɓa shi, zai dawo daga masallaci ya ɗauka.

Na zauna ina yankan kuɓewa, kalangu a gabana, ke Habiba a bayana a tabarma. Ina jin huɗuba daga lasifika sama-sama. Na dubi kalangun nan da ya ƙetare ƙasashe a kafaɗar uba da ɗa, wanda duk Zongo ta yarda da maganarsa fiye da ta mutane da yawa masu rawani. Na tuna kwanon da na kife a kaina, da matan da suka bi ni suka koma gida hannu wofi saboda sun yarda da shirunsa. In ya je ya ce naman ba shi da aibi, to mu duka mahaukata ne, yunwar da 'ya'yansu suka kwana da ita ranar ta tashi a banza. Na waiwaya na dube ki. Ina so ki san wannan, Habiba, tunda yau ga ki da jikoki, kina ta faɗa da kowa kamar uwarki: a wannan rana ban san za ki rayu ba. Ban sani ba ko kaɗan. Da sanina na zaɓa, ki yi mini hukuncin da kika ga dama.

Na goge wuƙar kuɓewa a zanena, na jawo kalangu kan cinyata. Tsarkiyar farko ta yi ƙara da ta tsinke, kamar an ja tsaki. Sauran ba su ba ni wahala ba, ya shafe su da mai sun yi laushi. Na bi su duka, sannan na huda fatar gaba da ta baya. Icen ban taɓa shi ba, na ubansa ne. Na mayar da shi inda ya ajiye, na ci gaba da yankan kuɓewa har na yanke yatsa.

Tare da Tanko suka dawo. Babanku ya tsaya a kan kalangu. Tanko ya fara salati yana tambaya ko akuya ce. Na ce ba akuya ba ce, ni ce, ga wuƙar. Na shirya wa mari, na shirya wa saki, duk da bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Sai ya juya wurin Tanko, muryarsa lafiya lau.

“Ka gaida Sarki. Ka ce masa kalangu ba lafiya, ni kuma ba na zuwa rumfa hannu wofi.”

Da Tanko ya tafi, ya tsuguna ya tsince tsarkiyoyin daga ƙasa, har 'yan guntaye, ya naɗe su da icen a tsohon zanen da ya zo da shi daga gida. Sannan ya ɗago ya dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba, ba fushi ba, ba kuma godiya ba.

“Wa ya ce miki durƙusawa zan je yi?”

Na ji kamar an zare mini ƙasa. Na ce to me za ka je yi? Ka gaya mini, me za ka je yi? Ya tura ƙunshin ƙarƙashin gado, ya cire farar riga, ya sa ta dako, ya kama hanyar Tudu.

Bai amsa ba ranar, bai kuma amsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa, kuma mun yi shekaru masu yawa tare bayan haka, har na haifi autanku. Wataƙila ya yi niyyar ya tsaya gaban mahauta ya ƙi, da ƙafarsa da bakinsa, ni na ƙwace masa wannan. Wataƙila kuma durƙusawar zai yi saboda 'yarsa, ya faɗa mini haka ne don in ɗanɗana abin da na ɗanɗana masa. Gyaran kalangu ba wani abu ba ne, fata da tsarkiya ko a Nima ana samu, an kuma zo an roƙe shi kiɗan biki da na suna ba sau ɗaya ba. Bai gyara ba. Ɗakin Maamobi ya tafi, sunan makwaɗaici ya zauna, kiɗan mahauta ya mutu a unguwa. Wani lokaci ina tuƙa tuwo sai in jiyo yatsunsa a kan gwiwarsa, a hankali, yana bin wani take, in ajiye muciya in saurara. Da na leƙo sai ya daina.

Wannan ya fi korar da zagin da yunwar yi mini ciwo, kuma har yau yana yi. Na so kiɗan mutumin nan tun kafin in so shi kansa, ni ce kuma na kashe kiɗan da wuƙar miya. Amma ba mahalukin da ya taɓa ganin gwiwar babanku a ƙasa gaban teburin nama, ba kuma kunnen da ya ji kalangunsa ya yi shaidar mushe. In da za a mayar da ni wannan Juma'a a miƙo mini wuƙar, zan sake yankawa, ina kuka.